Janaralis a karkara: bincike da rubutu sana'a ce ko ɓata lokaci?

Sabon Lokotoro: Slm jama'ar gurup barkanmu da warhaka. Tambaya gare ni ga manyanmu, don Allah a ba ni shawara ta gaskiya ba ta lallashi ba. Tun da na yi sutnans na gama karatun lokotoro aka turo ni wani distirik nan kudancin Damagaram, kuma abin da ban zata ba aikin ya shiga raina, yau ka duba jariri gobe kakarsa jibi uban ya zo da tansiyo, gida guda ka san su kaf. Abokan karatuna kowa na shirin konkur na sifesiyalite, wani Yamai wani Dakar wani Maroko, ni kuma zuciyata na ce min in zauna janaralis mai duba kowane irin ciwo in riƙa bincike kan abin da nake gani kullum a konsiltasiyo ina rubutawa. A gida an ce na samu taɓi. Akwai wanda ya yi rayuwa a haka ya ga amfaninta, ko ni kaɗai nake ruɗin kaina?

Ɗan Zango: Wslm. Dokta ni ba ma'aikacin lafiya ba ne ɗan kasuwa ne, amma tunda gaskiya ka nema to mutanen gida sun fi ka gaskiya. Je ka yi sifesiyalite ka dawo ka buɗe kilinik, iyayenka sun yi shekara takwas suna jiranka. Wa ka taɓa gani ya gina gida da rubutu a garin nan?

Ƴar Fak: Hhhh Alhaji ka fara ke nan, ko zama bai yi ba

Baba Maje: Ɗana barka da wannan tunani. Ni anfirme ne, na riƙe CSI, wato likitar karkara, a ƙasar Tanut da ƙasar Magarya har na yi ritaya, bari in gaya maka abin da ke ci min rai har yau. Rajis ɗin konsiltasiyo, wannan babban mai faɗi da ba ya rufuwa in ya kai rabi, kowane layi mutum ne, suna, shekaru, gari, kilomita nawa daga likita, abin da ya kawo shi, sakamakon TDR na gwajin palu, maganin da aka ba shi. Mu cika shi da bik tun safe har la'asar, ƙarshen wata mu zauna da tocila muna ƙirga ƴan sanduna biyar biyar don a fitar da rapor a kai distirik. Daga distirik ya tafi jaha daga jaha ya tafi Yamai. Shi ke nan. Rajis ya cika a jefa shi magaza bisa kwalayen serom, ruwan damina ya taɓa shi gara ta ƙarasa. Rumbu ne muke ta zuba hatsi ba wanda ya taɓa buɗewa ya ɗiba. Ni na san a wane wata zawo ke tashi a wane ƙauye, na san rijiyar da ake zargi, amma a kaina yake kuma da ni za a binne shi don ba wanda ya koya mana yadda ake mayar da shi takarda. In kai an koya maka to kar ka yi wasa da shi.

Sabon Lokotoro: Allah ya ƙara girma Baba, wlh abin da ke damuna ke nan. Na shiga magazarmu na ga rajis na shekarun baya an ɗaure da igiya wasu sun manne ba su buɗuwa

Mushe na Fak: Salamu alaikum. Na ga tambayar tun ɗazu ina cikin aji. Amsar ko akwai wanda ya yi rayuwa a haka ita ce e, kuma ba ƙananan mutane ba ne. Akwai wani lokotoron ƙauye a arewacin Ingila, William Pickles, ya yi kusan shekara 50 a wani ƙauye da ake ce wa Aysgarth. Ba shi da labo. Shi da matarsa suke rubuta duk wanda ya kamu da ciwo mai yaɗuwa, ranar da ya fara da ƙauyensu, a bisa takarda mai layi-layi. Da yake ya san wa ya je bikin wa, wa ya kwana gidan wa, sai ya iya lissafa cewa ciwon shawarar nan mai yaɗuwa yana ɗaukar kwana 26 zuwa 35 a jiki kafin ya bayyana, ya fitar da littafi a 1939 da har yau ake karantawa. Wani kuma Hope-Simpson, shi ma janaralis, ya bi mutanensa shekara 16 sannan a 1965 ya rubuta cewa zona, ƙurajen nan masu zafi da ke fitowa gefe guda na jiki, ƙwayar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiya tun yarinta take farkawa. Sai Julian Tudor Hart a wani ƙauyen masu haƙar gawayi a Wales, shi ya bi mutanen ƙauyen kusan kaf ya auna musu tansiyo har waɗanda ba su taɓa zuwa da ciwo ba, kuma shi ya rubuta a mujallar Lancet a 1971 cewa inda aka fi buƙatar kulawar likita nan ne aka fi rashinta. Duk cikinsu ba wanda ya bar duba marasa lafiya. Abin da suke da shi wanda babban farfesa a babban birni ba shi da shi, sun san yawan mutanensu kuma suna ganin su shekara da shekaru.

Ɗan Zango: Mushe da girmanka, duk misalan nan Ingila ne. Can kuran ba ya yankewa albashi na isa, lokotoro guda mutum dubu biyu ko uku gare shi. Nan yaron nan a watan Satumba layin palu kaɗai sai ya kai shi magariba bai ci abinci ba, yaushe zai zauna zanen layi-layi? Matarsa ce za ta zana masa? ai ko auren bai yi ba hhhh

Mushe na Fak: Alhaji a maganar lokaci kana da gaskiya ban musa ba. Amma a lura da wani lissafi da Kerr White ya fitar a 1961, ya ce a cikin manya 1,000 a wata guda kusan 750 za su ji wani ciwo, 250 za su ga lokotoro, 9 za a kwantar, mutum 1 tak zai kai asibitin jami'a. Lissafin Amurka da Ingila ne, namu zai bambanta, amma siffar abin ɗaya ce. To mu kusan duk tez ɗin da ɗalibanmu ke yi a kan wannan mutum ɗayan ne, wanda ya iso babban asibiti. Sauran da suka tsaya a kaz, ƙaramar likitar ƙauye, da CSI, da waɗanda suka tsaya wajen mai tebur ko wanzami, wa ke rubuta labarinsu?

Mai Lissafi: Ni aikina ke nan tattara rapor a distirik ina shigarwa DHIS2, manhajar tattara lissafin lafiya, bari in ɗan zuba ruwan sanyi kafin Dokta ya ɗauka zinariya ce a magaza. Rajis ɗin nan yana da ciwo. Na ɗaya shekaru, uwa ta ce yaron an haife shi da kaka waccan, anfirme ya dube shi ya rubuta 3, in gratuwite ake nema kuma, wato kulawa kyauta ta ƴan ƙasa da shekara 5, ɗan shekara 7 sai ya koma 4 da rabi. Na biyu in TDR ya yanke duk zafin jiki palu ne, za ka ga shafi guda daga sama har ƙasa palu palu palu da alamar maimaitawa kawai. Na uku wanda ya fi duka, yawan jama'ar da muke raba lissafi da shi daga ƙidayar 2012 ake ta ƙiyasta shi, shi ya sa za ka ga CSI ta yi rigakafi kashi 120 cikin 100, ga kuma na bakin iyaka Magarya Dungas Matamai da mutanen Najeriya ke tsallakowa a duba su. Wanda ya kwashi wannan ya yi artikal ba tare da ya tace ba ƙarya zai buga da sunansa a sama.

Baba Maje: Ɗana Mai Lissafi ba ka yi ƙarya ba, amma ka tambayi kanka me ya sa. Mutumin da ya san ba wanda zai karanta abin da ya rubuta don me zai gyara hannu? Ran da wani lokotoro ya fara zama da mu ƙarshen wata yana buɗe shafi yana tambaya wannan fa, wannan yaron ya dawo kuwa, cikin ƴan watanni rubutunmu ya canza ba tare da an yi mana formasiyo ko fardiyam ba.

Mai Lissafi: Wannan haka ne Baba. Shi ya sa ni shawarata kar ya fara da tsohon rajis, ya buɗe sabon kaye nasa da tambaya guda

Hajiya Sajfam: Assalamu alaikum, ni dai na gaji da jin Ingila, ku dawo gida. Ba a nan Mirya aka yi binciken zaren awon damtse na gano tamowa ba? Ƙungiyoyin lafiya ALIMA da BEFEN ne suka yi. Da can rele, ɗan sa-kan lafiya na gari, shi kaɗai ke yawo da zaren nan mai ja da ruwan ɗorawa da tsanwa yana auna yara, aka ce uwa da ba ta yi lakwal ba ba za ta iya ba. Aka gwada a 2013 zuwa 2014, a yankin Dogo aka koya wa uwaye fiye da 12,000 su auna da kansu, a yankin Takeita aka bar wa rele, aka kwatanta. Uwaye ba su gaza ba, yaran da suka kawo ma sun fi zuwa da wuri kafin tamowa ta ci jiki, waɗanda sai an kwantar da su tun ranar farko sun fi kaɗan, kuɗin da aka kashe ma ya fi sauƙi. Aka buga a 2016, yau ƙasashe da yawa na yin haka. Kun ga abin ai ba na'ura ba ce, zaren roba ne, ƙasa da milimita 115 ja ne a garzaya likita, uwa ta lanƙwasa shi a hannun hagu ta zura bakin a ƴar tagar ta duba kala. Tambaya ce irin ta wanda ke zaune da mutane, ba ta wanda ke ofis ba.

Ƴar Fak: Mama wlh ban san a Mirya aka yi ba, mu an koya mana shi kamar daga waje ya zo

Hajiya Sajfam: To kin ji ɗiyata. Amma bari in faɗi ɗaya gefen don kar Dokta ya shiga da ido rufe. Wani furoje da ba zan kama suna ba ya taɓa zuwa matanite ɗinmu da fish na anket, mu muka cika su, mu muka bi mata gida-gida cikin rana muna lallashin mazajensu, in fish ya ɓace mu ake kira da dare. Aka ba mu fardiyam aka tafi. Bayan shekaru wani yaro ya nuna min takardar a salula da turancin Ingilishi, sunaye reras ba ko ɗaya na wanda ya taɓa fish ɗin, ko a godiya ta ƙasa cewa aka yi ma'aikatan lafiya na yankin. Abin da aka gano ma ba wanda ya dawo ya faɗa mana balle matan da aka yi wa tambayoyi. In za ka yi bincike ɗana kar ka zama irin su, kuma kar ka yarda a mayar da kai mai cika fish.

Sabon Lokotoro: Na ji Mama, in sha Allah. Wannan ma na cikin abin da ke tura ni, in tambayar tamu ce to sunan ma namu ne

Ɗan Zango: To ni har yanzu ba a ba ni amsa ba, da me zai ci abinci?

Na Kano: Slm ƴan uwa, ni ɗan Birni ne amma a Kano nake aiki. Ina ganin an raba abin gida biyu alhali ba dole ba ne. A Najeriya likitancin iyali shi kansa sifesiyalite ne, a asibitin koyarwa na Aminu Kano sashe guda gare shi, ka yi shekarunka na horo ka yi jarrabawa ka rubuta bincike, ka fito konsaltan daidai da mai tiyata ko likitan yara, albashinku ɗaya. A Mali ma tun 1989 suka fara zaunar da lokotoro a karkara da taimakon ƙungiyar Santé Sud, daga baya Bamako ta buɗe karatun likitancin iyali da na al'umma. Wato zama janaralis ba yana nufin ka tsaya inda sutnans ya bar ka ba. In ka tsaya haka kawai ba wata takarda, gaskiyar Alhaji za ta kama ka, bayan shekara 10 abokanka na gaba da kai a girma da albashi kuma a taro ba a ba ka magana. Ka nemi ko wannan ko santé publique ko epidemiyoloji, ka yi ka koma inda zuciyarka take.

Ɗan Zango: Yawwa, ga wanda ya yi magana. Ashe dai sai an koma makaranta

Na Kano: Sai an koma Alhaji, amma ba don a gudu daga ƙauye ba

Mushe na Fak: Na goyi bayan Na Kano. In kuma jami'a yake hange wata rana, CAMES, hukumar da ke ƙara wa malaman jami'a girma, artikal take ƙirgawa ba yawan marasa lafiyar da ka duba ba, gara ya fara tun yanzu. Sai dai in ja kunne kan girman buri. Manyan binciken da aka yi a ƙasar nan ba aikin mutum guda da kaye ba ne. Na rigakafin rota mai jure zafi da cibiyar bincike ta Epicentre ta yi a Madarunfa aka buga a 2017, yara dubbai ne, ya nuna kariya kusan kashi 67 cikin 100 daga zawo mai tsanani na rota. Na azitromisin da aka raba wa yara a jahar Doso aka buga a 2018, mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a ɓangaren Nijar. Waɗannan miliyoyi ne da motoci da ma'aikata ɗaruruwa. Akwai kuma wanda nake so ɗalibai su riƙa tunawa, na amoksisilin a Madarunfa 2016, aka ba wasu yara masu tamowa marar rikici maganin wasu aka ba su na bogi, aka ga bai ƙara yawan masu warkewa daga tamowar ba. Bincike na iya ce maka abin da ka saba yi ba ya aikin da kake zato, kuma dole ka rubuta haka ko ba ka so.

Ƴar Fak: Mushe to in mutum ya rubuta ina zai kai? mu dai muna jin ana cewa sai ka biya daloli kuma sai da Ingilishi

Mushe na Fak: Ba duka ba. Pan African Medical Journal na karɓar Faransanci, akwai Mali Médical, akwai Médecine d'Afrique Noire, akwai kuma mujallar Afirka ta Kudu da aka ware wa likitancin iyali da matakin farko ita da Ingilishi take. Wasu na karɓar kuɗi, manyan na waje da yawa suna yafe wa ƙasashe irin namu in ka roƙa tun wajen turawa. Karatu kuma akwai Hinari, kafar karanta mujallun lafiya da hukumar lafiya ta duniya OMS ta buɗe tun 2002, makarantu da asibitocinmu na iya rajista su karanta kyauta. Abin da za ki guda shi ne masu turo saƙo suna yabonki suna cewa za su buga cikin kwana uku in kin biya, kuɗinki ya tafi sunanki ya ɓaci. Kuma kafin a taɓa mutum ko dosiyensa sai an sami izinin kwamitin ɗa'a na ƙasa da na shugaban distirik, ba bayan an gama ba. Za a dawo miki da takarda an yi mata ja-ja da gyara, wani lokaci a ƙi ta gaba ɗaya, kowa haka ya fara.

Maman Biyu: Ku yi haƙuri ni ba ma'aikaciya ba ce, mai kai yara likita ce, ƙanwata ta sa ni a gurup ɗin. Tambayata duk wannan rubutun wa zai karanta? Ni dai abin da na sani in na kai yaro wani lokotoron ko ɗaga kai ba ya yi, yana ta rubutu yana tambaya yana rubutu, kafin in gama bayani ya miƙo ordonans. In bincike zai ƙara masa rubutu to mu mun shiga uku. Kuma in an gano abu a gaya mana da Hausa mana, maganin palu na damina da ake bi gida-gida ana ba yara, a unguwarmu mata nawa ke ba da na ranar farko gaban mai rabawa su ɓoye na kwana biyun da suka rage sai yaro ya yi zazzaɓi su ba shi, don ba wanda ya zauna ya yi musu bayanin me ya sa sai an cika ukun.

Hajiya Sajfam: Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da ya fi duk namu

Sabon Lokotoro: Maman Biyu na gode, kuma abin da kika faɗa kan CPS, wato maganin palu na damina, shi kansa tambayar bincike ce, nawa ke cika kwana ukun kuma me ke hana sauran. Tun 2012 OMS ta ba da shawarar a riƙa ba yara daga wata 3 zuwa 59, amfaninsa kuma ya dogara da amodiyakin ɗin rana ta biyu da ta uku da ake bar wa uwa a hannu. Maganar Hausa kuma ina tare da ke, ina tunanin duk abin da na rubuta da Faransanci in yi masa vokal na minti uku in kuma kai rediyon gari.

Baba Maje: Rediyo da bakin liman da ranar suna. Kuma ka fara kai wa COGES, kwamitin gari mai kula da likita, da mai gari kafin Yamai ta ji. Amma ɗana akwai abin da ba wanda ya taɓo, afektasiyo. Baturen da Mushe ya ce ya yi shekara 50 a ƙauye guda ba wanda ya ɗaga shi. Kai takarda guda za ta zo a ce ka koma Gure ko Tasker, kayenka ya zama marayan kaye. Wanda ke daɗewa a wuri shi ne rele da matron da wani lokaci anfirme ɗan garin. In ba ka sa su ciki tun farko suka ji abin nasu ne ba, ranar da ka tafi ranar ya mutu.

Mai Lissafi: Gaskiya ne. Kuma a riƙa ɗaukar hoton shafi duk ƙarshen mako ana shigarwa kwamfuta, ba tare da sunaye ba, lamba kawai. Don Allah kar a turo hoton rajis ko na marar lafiya a gurup ko Facebook, muna gani ana yi wai neman shawara, fuskar yaro a fili

Admin: Wannan doka ce a nan dama, duk wanda ya turo za a goge

Ɗan Zango: To Dokta mun ji tarihi mun ji wa'azi, wace tambayar ce taka? kar ka ce duka

Sabon Lokotoro: Hhhh Alhaji ba duka ba. Tansiyo. Yara da mata masu ciki suna da gratuwite tun 2006, suna da furoje suna da masu bibiya, kuma an ga amfanin haka, binciken da aka buga a Lancet 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Amma dattijo mai hawan jini ba shi da kowa. Ya zo da ciwon kai in auna in ga ta hau in rubuta magani na wata guda, ya sha ya ji sauƙi shi ke nan ba zan sake ganinsa ba sai an kawo shi a amalanke ɓarin jiki ya shanye. Ina so in san cikin waɗanda na fara wa magani nawa ke dawowa bayan wata 3 da wata 6, waɗanda ba su dawo ba kuma me ya hana, kuɗin magani ne, nisa ne, aikin gona ne, ko an ce musu in ka fara ba ka bari ne ya tsorata su.

Mushe na Fak: Wannan tambaya ce mai kyau kuma daidai ƙarfinka. Ka rubuta shafi biyu ka turo min, me kake nema, su wa za ka sa, yaya za ka auna. Awo biyu a zaune bayan hutun minti 5, na'ura guda kar a riƙa canzawa, ka tabbata madaurin ya dace da damtsen mutum. Kuma kar ka tsaya kan lamba kaɗai, waɗanda suka ɓace a je a zauna da su a ji bakinsu, mutanen LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa, sun daɗe suna nuna mana cewa abin da ake faɗa a zaure daban yake da wanda ake faɗa gaban farar riga.

Hajiya Sajfam: Ka sa matan da tansiyo ta hau musu da ciki, bayan haihuwa ba mai sake auna su, arba'in ta wuce shi ke nan. Ni zan haɗa ka da sajfam ɗin wurinku in ka faɗa min a keɓe ko wace ce

Na Kano: Kuma kar ka bar maganar karatu, ka yi wannan shekara guda ka shiga da shi a dosiye, ya fi wasiƙar roƙo ƙarfi

Ɗan Zango: Ni dai ban canza ra'ayi ba, kilinik ta fi. Amma tunda tansiyo ce, in ka shigo gari ka biyo kasuwar Dole da na'urar, layinmu kaɗai ya ishe ka cika kaye, rabinmu da ciwon kai muke kwana muna shan na mai tebur

Mai Lissafi: Alhaji ku ba ku cikin yankinsa, za ku ɓata masa lissafi. Dokta wajen neman wanda bai dawo ba kar ka dogara da lambar salula kaɗai, layi na mutuwa ko ka kira ka ji na maƙwabci ne da ya tafi cirani. Ka ƙara gurbi biyu a kayen, sunan mai unguwa da sunan rele na garin.

Baba Maje: Da laƙabi. A ƙauye in ka nemi mutum da sunan da ke kan karne sai a ce ba a san shi ba

Sabon Lokotoro: Na ƙara, gurbi uku ke nan. Mushe zan turo shafi biyun bayan gardin jibi in rezo ya yarda. Alhaji kai kuma ka je CSI mafi kusa da kai a auna ka tun kafin in shigo, kar ka jira ni

Ɗan Zango: Sai an sauke kayan Kano tukuna